Bana Yaya Ba Za Ta Shiga Kicin Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baban yara, da fatan kumburin ƙafar ya sace.

Yaya, ba shawara na zo nema ba, sanarwa ce: taron dangi na hutun ƙarshen shekara a gidana za a yi bana. Na riga na gaya wa kowa, don na san in na fara ta kanki ba zan kai labari ba. Shekara sha huɗu ke kaɗai kike ciyar da mu, kuma kowa ya ga yadda aka ƙare bara. Mu muna lasar yatsu, ke ana ƙara miki ruwa a asibiti.

Kin san falona, mutum takwas ya cika shi. Zan tura keken ɗinki lungu, in shimfiɗa kafet har baranda. Tukunya ɗaya zan ɗora, shinkafa da kaji, kowane gida kuma ya zo da kwano ɗaya na abin da ya iya. Ke ki zo hannu rabbana.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi. Na karanta takardarki sau biyu, ko zan ga inda kika ce wasa kike yi.

Tukunya ɗaya ga mutum ashirin da uku? Kawu ba ya cin yaji. 'Yan biyun ɗan'uwanmu direba ba sa cin albasa sai an markaɗa. Uwarsu kuwa, in kika ce ta kawo abinci, biskit za ta sayo a shago. Faranti nawa gare ki ma tukuna?

Zan iso kwana biyu kafin ranar, da manyan tukwanena. Kafin nan ki wanke labule. In ba haka ba ku yi taronku, ni ina gida.

Allah ya shirye ki.
Yayarki

*

Yaya ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Amin ga addu'ar shiriya, ina bukata.

Labule na nan yadda kika san shi, ba wanda zai ci labule. Yajin a gefe zan ajiye. 'Yan biyu shekararsu sha tara, suna da yatsun tsince albasa. Faranti na takarda na sayo, a ci a zubar. In biskit aka kawo, biskit za a ci, ba a taɓa kai kowa asibiti a kansa ba. Tukwanenki in sun zo, a bakin ƙofa za su yini, don makullin kicin yana jakata.

Amma maganar nan ta "ni ina gida" ta tsaya mini a rai. Jiya hannun rigar mutane na ɗinka a baibai, sai da na farke. Don ke nake wannan shirin, Yaya. In ba za ki zo ba, fasawa zan yi. Ki gaya mini gaskiya, me ke damunki?

Taki har kullum,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Tunda kin tambaya, zan faɗa, amma ya tsaya tsakaninmu.

Ba girkinki na raina ba. Tsoro nake ji. Shekara sha huɗu daga cikin kicin nake jiyo dariyarku, in na fito da tire a tambaye ni cokali, in koma. Na san abin da kowa ke ci da abin da ba ya ci, amma shekaranjiya da na tambayi Baban yara me 'yan biyu ke karantawa, kallona ya yi kamar yau na zo gidan. In kika zaunar da ni a falo hannu a cinya, me zan ce musu? Ludayi na iya riƙewa, ban iya hira ba.

Zan zo, ba tukunya. In kika ga na yi shiru, kada ki ce fushi nake yi.

Wassalam,
Yayarki

*

Autata,

Mun iso gida lafiya, da fatan kin huta gajiya.

Shinkafar ta ɗan caɓe, kada ki ce ban faɗa ba. Na ci faranti biyu, da zafinta.

Sau uku na yunƙura zan tashi, Kawu yana tare ni da sandarsa. Ashe haka bawan Allah nan yake da ban dariya? Labarin ranar da ya koya wa direba tuƙi ya sa na yi dariya har da hawaye. Ƙaramar 'yan biyu ta ɗora ƙafata a cinyarta tana matsa mini, aikin jinya take karantawa. Can ta ɗago ta ce, "Gwaggo, wallahi ban taɓa jin dariyarki ba sai yau."

A mota na yi kukana, Baban yara ya yi kamar bai gani ba.

Baɗi ma a gidanki za a yi. Kada ki gyara komai.

Allah ya yi miki albarka.
Yayarki