Hannuna Na Rawa, Ƙanwata Ta Ce Sai Ni Zan Cire Mata

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, abin ya hana ni cin abinci.

Ni wanzami ne a Toranke. Shekara talatin ina cire haƙori a kasuwar Ajingi, har daga Gaya ake zuwa. Mahaifina ya koya mini cewa haƙori rarrashinsa ake yi. Ka janye dasashi a hankali, ka yi ta girgiza shi har ya saki don kansa, sannan ka ɗauko.

To, tun bara hannuna ya fara rawa. Ban gaya wa kowa ba. Da damina ƙanwata Hindatu, uwa ɗaya uba ɗaya, ta zo da haƙorinta na turmi, na can ciki, ya kumbura. Mata sun taru a tsakar gida suna kallo. Na ji tsoron su ga awartaki na karkarwa, sai na fizge da ƙarfi don in gama da wuri. Haƙorin ya fito da ɓallin ƙashi. Wata biyu tana shan kunu kawai. Yanzu kuncinta ya lotsa, ita da ta fi kowa dariya ba ta sauke mayafi daga baki.

Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ba ta taɓa ba. Kullum Juma'a sai ta aiko mini da dambu. Ga shi wani haƙorin ya kama ta, kuma ta rantse ba mai taɓa shi sai ni, wai don kada a ce Yaya ya tashi aiki. In na ƙi, na tona wa kaina asiri. In na yarda, ina tsoro.

Mai Zabira, Toranke

Malam Mai Zabira, wasiƙarka ta taɓa ni. Amma kada ka sake sa mata awartaki.

Abin da mahaifinka ya koya maka daidai ne, shi likitocin haƙori ke yi. Sukan yi allura wurin ya mutu, su sassauta haƙorin kaɗan-kaɗan, in saiwar ta kafe su raba ta gida biyu, duk don kada ƙashin muƙamuƙi ya tsage. Ƙashin da ya ɓalle da wuya ya koma yadda yake, kuma nata ya riga ya raunana.

Hindatu mutuncinka take karewa da bakinta, ba ta san hannun ya gaza ba. Ba laifinka ba ne da hannu ya tsufa, ɓoyewar ce ta jawo wannan. Ka je ɗakinta, ku biyu, ka miƙa hannun ta gani da idonta, ka nemi gafara. Rantsuwar kuwa, malamin unguwarku zai gaya mata kaffara.

Ranar kasuwa ku shiga mota zuwa asibiti a birnin Kano. Kai za ka raka ta, ka gaya wa likita yadda na farko ya fita, ka kuma nuna masa hannunka. Mutane za su yi magana kwana biyu su gaji. Daga yau duk wanda ya zo maka da haƙori, ka nuna masa hanyar asibiti.

Allah ya ba Hindatu lafiya, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.