Na Cika Wa Mijina Kwamfuta da Bidiyon Biki

Malama Shafa'atu, ki taimake ni kafin asirina ya tonu. Mijin da nake magana jikana ne, Halidu, mai kunnuwa kamar faifai. Da zai koma karatu Yamai ya bar mini amanar tsohuwar kwamfutarsa, ya ce duk aikin kammala karatunsa yana ciki, in rufe a akwati. Na rufe, har ya hau mota.

Ni da na bar lakwal a aji huɗu, sai ga ni ina danne-danne. Maƙwabciyata Lalla ta kawo bidiyon sunan jikarta, aka zuba a kwamfutar. Daga nan duk mai biki, har 'yan Birnin Lalle, wurina ake kawowa. Ɗakina ya zama silima, ina bakin ƙofa ina rabon wuri. Saboda ƙura kuma nakan lulluɓe ta da bargo tana aiki, kamar ƙullun waina.

Yanzu in na kunna ta, sai in jiƙa gero, in surfa, in dawo, tana nishi ba ta farka ba. Mata sun fara cewa ni da ita ba a san wadda ta fi tsufa ba. Wani mai gyara a tasha ya ce a wanke ta tas. Halidu yana tafe hutun nan. In aikinsa ya salwanta, da wane ido zan kalle shi?

Tsohuwa mai karambani, Dakoro

Inna, kwantar da hankalinki, alamu sun nuna ba ki kashe ta ba. Amma kada ki yarda a wanke ta, wankin nan goge komai na cikinta ne, zai tafi da aikin Halidu.

Kwamfuta tana da ɗan faifan da take aiki a kai, da rumbun ajiya. In faifan ya cika, sai ta ari wuri a rumbu, abin da masu gyara ke kira suwaf. Faifan tsohuwar kwamfuta ƙarami ne, ke kuma kin cika rumbun da biki har baki. Ina za ta juya?

Da farko a kwafe aikinsa a kile biyu, 'yar na'urar ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ki adana. Sannan kowace mata ta zo ta kwashi bikinta. A rage abubuwan da ke tashi tare da ita, in da hali a ƙara mata memuwar, wato a faɗaɗa faifan nan. Bargon kuma ki mayar gadonki, zafi ke ƙara mata nauyi.

Kin taɓa amana, wannan gaskiya ne. Shi ma ya yi ganganci da ya bar aikinsa wuri guda. Ki kira shi yau, kafin Lalla ta riga ki. Zai yi faɗa, ki bar shi ya gama, sannan ki ce kilensa na cikin akwati, a rufe. Allah ya ba shi sa'a, ya bar mana ke.