Na fitar da kujerar Baba, kuma ba zan mayar da ita ba

Gwaggo mai ba da shawara,

Don Allah ki taimake ni. Gidanmu ya kama da wuta, kuma kowa ni yake nunawa da yatsa wai ni na ƙyasta ashanar. Amma tun kafin in yi nisa bari in gaya miki, ban rubuto don a lallashe ni in ba da haƙuri ba. Masu cewa in ba da haƙuri sun yi yawa har suna taka ƙafar juna. So nake wadda ba ta san mu ba ta saurare ni har ƙarshe.

Mu uku ne a wurin iyayenmu. Akwai Yaya, wanda ake kira Injiniya tun yana yaro saboda ba rediyon da ya shigo gidan nan bai kwance shi ba. Sai Anti, sai ni auta. Aurena bai yi tsawon rai ba, na dawo gida na kama aiki a wani kantin magani, kuma tun daga lokacin ni ke kula da tsofaffi. Baba ya rasu 'yan shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Saura ni da Mama.

Gwaggo, gidanmu ba gida ba ne, sito ne. Duk abin da ya mutu a gidan Yaya, nan ne makabartarsa. Firjin da ya daina sanyi, janareto biyu da ba sa tashi, tayoyin motar da ya sayar tun tuni, talabijin mai ƙatuwar ƙeya, duk ya turo su da cewa a ajiye masa zai gyara. Anti kuwa duk lokacin da ta canja labule ko katifa, tsohon nan yake zuwa. Gadon jaririnta yana ɗakina, alhali jaririn yanzu gemu yake askewa. Ni da gefe nake shiga ɗakin kwanana, kamar mai ratsa kasuwa. Tagar falo mun manta yadda ake buɗe ta saboda kwalaye. Ɓeraye sun yi 'ya'ya da jikoki a cikin firjin nan. In na yi magana sai a ce, "Haba Auta, ai gidan Baba gidan kowa ne." Gidan kowa ne wajen ajiya, amma wajen shara nawa ne ni kaɗai.

A bara Mama ta fito daga ɗakinta za ta banɗaki, ƙafarta ta sarƙe da wayar wata matacciyar fanka da ke tsaye a hanya. Ta faɗi, ƙashin ƙugunta ya karye. Da aka sallame mu daga asibiti da keken marasa lafiya, keken ya ƙi wuce ƙofar falo. Sai da maƙwabta suka ɗauke ta kamar buhu suka kai ta gado, tana rufe fuska da mayafi don kunya. Daga ranar ta zama 'yar ɗaki. Matar da ba ta iya yini ba ta zauna a baranda ta tsokani masu wucewa ba, ta yi watanni ba ta ga rana ba sai ta ramin labule.

Na rubuta a zauren gidanmu na waya cewa kowa ya zo ya kwashe kayansa kafin ƙarshen wata. Yaya ya turo hoton babban yatsa. Anti ta ce tana nan tafe. Wata ya mutu, na sake rubutawa. Wani watan ya bi bayansa, na kira su ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya ce, "Ke dai kina da gaggawa, kayan nan cizon ki suke yi?" Na ce sun riga sun ciji Mama. Ya yi dariya ya kashe waya.

Sai na ɗauki hutu a wurin aiki, na kira masu sayen tsofaffin ƙarafa da mai baro, na ɗaura ɗankwali a ƙugu. Ban yi a ɓoye ba. Na buɗe ƙofar ɗakin Mama, na tayar da ita zaune, na ce ita ce alƙali. In na ɗago abu sai in tambaye ta: wannan in kin gan shi, ranki daɗi yake ji ko kanki ciwo yake? Gwaggo, rabon da in ji dariyar Mama irin ta ranar har na manta. Na ɗago wata tukunya mara hannu ta ce, "Wannan tun ina amarya take ƙona ni, fitar da ita." Na nuna mata talabijin ɗin Yaya ta ce a yi mata addu'a a sallame ta. Abin da ta riƙe kaɗan ne: rediyonta, gwangwanin allura da zare, hoton su da Baba suna matasa, da wani bargo mai faci da ta ce ba mai raba ta da shi sai likkafani.

Kada ki ɗauka kayan mutane kawai na zubar. Nawa na fara da su. Kayan da nake ajiyewa wai sai na rame, na bayar. Akwatin da na dawo da shi daga gidan mijina, wanda ko buɗe shi ba na son yi, na bayar har da makullin. Faranti masu kyau da aka kulle a kabad don baƙin da ba su taɓa zuwa ba, na fito da su, yanzu a ciki muke cin abinci ni da Mama kullum. Abin da aka samu na ƙarafa na sa aka zuba siminti a bakin ƙofa yadda keke zai gangara. Ranar da na fara turo ta baranda, ta ɗaga fuska sama ta rufe ido.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Akwai kujerar Baba, wata babbar kujera mai hannu da ke kusurwar falo. Bayan ɓarin jikinsa ya shanye, a kanta ya ƙare rayuwarsa. A kanta nake ba shi abinci a baki yana zubowa ta gefe. A kanta nake goge shi, in canja masa kaya, shi yana kuka don nauyin 'yarsa ce ke yi masa, ni ina yi kamar ban gani ba. A kanta na same shi wata safiya na dawo daga ɗauko masa ruwa, kansa ya langaɓe. Akwai warin da ya kama yadin kujerar nan wanda ba sabulun da ban gwada ba. Tun rasuwarsa ba na zama a falo. In zan wuce, bango nake kallo. Da na zo kan kujerar na tambayi Mama, ta kawar da kai ta ce, "Yi yadda kika gani." Na kira kafintan da ke ƙarshen layinmu na ce ya ɗauka kyauta.

A ƙarshen mako Yaya ya zo da iyalinsa. Ya tsaya a tsakiyar falo yana juyi ya ce, "Sata aka yi mana?" Yaransa kuwa tuni sun fara tsere a kan tayil, don ba su taɓa sanin falon yana da faɗi haka ba. Bai tambayi firji ba, bai tambayi janareto ba. Ya kalli kusurwa ya ce ina kujerar Baba. Da na gaya masa, fuskarsa ta canja irin yadda ban taɓa gani ba. Ya ce a hannun kujerar nan yake zama yana ƙarami Baba yana koya masa karatu. Ya ce na share mahaifinmu daga gidansa kamar datti, ba ni da imani. Ni ma ban raga ba. Na ce shi kujerar karatu ya sani, ni kujerar jinya na sani, kuma lokacin da ake jinyar sau nawa ya wanke ko tawul ɗaya? Ya kwashi yaransa ya fita ko ruwa ba su sha ba.

Anti ta kira tana kuka a kan gadon jariri. Kawunmu, ƙanin Mama, ya aiko cewa in dawo da kujerar inda take, in kuma je har gida in durƙusa in ba yayana haƙuri, don ba a yi ƙaramar da za ta yanke hukunci a gidan uba ba. Gwaggo, ba zan yi ba. Wallahi kujerar nan ba za ta sake kwana ƙarƙashin rufin da nake kwana ba. Na ba gidan nan ƙuruciyata, ba zan ba shi numfashina ba.

Abu ɗaya ne ke cin raina. Yaya ya daina zuwa. Duk ƙarshen mako Mama takan sa in yi mata kwalliya in kai ta baranda, in mota ta shigo layi sai ta miƙa wuya. Ba ta taɓa cewa na yi laifi ba, amma abincinta ya ragu. Ki gaya mini, laifina ne? Kuma ta yaya zan dawo mata da ɗanta ba tare da na dawo da tarkacen da ya karya ta ba?

Taki,
Autar da ta gaji

*

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ce ki durƙusa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidan da tsohuwa ba za ta iya zuwa banɗaki lafiya ba saboda kayan waɗanda ba sa kwana a cikinsa, gida ne da ya kamata a yashe tun kafin ƙashi ya karye. Kin ba da sanarwa, kin maimaita, kin jira, kuma kin yi aikin a gaban mai gidan da yardarta. Babu sata a nan, babu rashin kunya. Firji da tayoyi da gadon jariri, ki bar su inda suka tafi. In Anti ta sake kuka, ki saurare ta da tausayi, ki ce kina jin zafin da ta ji, amma kada ki yi alkawarin nemo komai.

Kujera kuwa daban take, kuma ina jin kin sani, shi ya sa kika ba ta wuri mai yawa a wasiƙarki. Kin kafa doka mai kyau, cewa a riƙe abin da ke faranta rai. Sai dai doka ce da kowa ke yanke wa kansa. Kujerar nan ba ajiyar Yaya ba ce da kika ce a zo a kwashe. Abin mahaifinku ne ku uku, kuma saƙonki bai ambace ta ba. Ke kina ganin ta ki ga shekarun wahala, shi yana ganin ta ya ga uba da ƙarfinsa. Duk ku biyu gaskiya kuke gani. Kina da cikakken haƙƙin fitar da ita daga falonki. Abin da ya rage miki shi ne kira ɗaya kafin kafinta ya ɗauka: ga kujerar Baba, ba zan iya zama da ita ba, in kana so ka aiko. Wannan kaɗai ne kurenki, kuma ba babba ba ne da zai gagari gyara.

Saboda haka gobe, kafin ki wuce kanti, ki biya wurin kafinta. In tana nan, ki karɓo ta ki sa mai baro ya kai ta gidan Yaya kai tsaye, kada ta ko leƙa ƙofarku. In ya riga ya kwance ta, ki roƙi ko hannun ne ya ba ki. Ki haɗa da magana gajeriya, da bakinki ba ta waya ba: Yaya, ya kamata in tambaye ka kafin in bayar, ga ta nan taka ce, amma gida ba zai koma yadda yake ba. Kada ki ƙara, kada ki rage. Wannan ba durƙuso ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Maganar tawul da kika jefa masa gaskiya ce, amma gaskiyar da aka faɗa cikin fushi sau da yawa ba ta shiga. Ina kyautata zaton yayanki bai taɓa sanin abin da kika gani a kan kujerar nan ba, domin irinku masu jinya kuna da halin cewa lafiya lau in an tambaye ku. Wani lokaci mai ihu a kan kayan mamaci, kunyar rashin zuwansa ce take ihun. In ƙura ta lafa, ki zaunar da shi ki ba shi labarin kamar yadda kika ba ni, ba don ya ji kunya ba, don ya san nauyin da kika ɗauka. Daga nan ki gaya masa cewa jinyar Mama ta ku uku ce, ya zaɓi ranarsa.

Ki kuma koma wurin Mama. "Yi yadda kika gani" da kawar da kai ba lallai ne ya zama amincewa ba, mai yiwuwa tausayinki ne ya rufe mata baki. Ki tambaye ta a natse me ta ji. Sannan ki miƙa mata waya ta kira ɗanta da kanta. Fushinsa da ke ne, ba shi da hujjar hukunta uwarsa da shi, kuma ita ce ta fi kowa ikon gaya masa haka. Kawu kuma ki gaishe shi da ladabi, ki gayyace shi ya zo ya ga 'yar'uwarsa, sauran bayani idonsa zai yi masa.

Ki tsaya a kan bakanki game da gidan, ki sassauta murya game da ɗan'uwanki. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma baki ɗaya suke kwana. Allah ya ba Mama lafiya, ya jiƙan mahaifinku, ya daidaita tsakaninku. Ke kuma ya saka miki da alheri, ya ba ki hutun da kika daɗe kina bin bashinsa.

Gwaggonki