Kun Kayar Da Ni Don An Ce Kullum Ina Filin Ƙwallo

Zuwa ga Shugaban Sashen Koyar da Aikin Jarida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar ɗalibi ga malaminsa, da fatan kai da iyali da sauran malaman sashe kuna lafiya. Ban so maganar nan ta fito bainar jama'a ba. Takarda biyu na rubuto maka ta hannun sakatare, sau huɗu ina zuwa ƙofar ofishinka, kullum amsar ɗaya ce, wai kana mitin. To, tunda aikin jarida kuka koya mini, yau zan yi amfani da shi.

Sunana Lawandi, ɗalibin ajin ƙarshe a ɓangaren labaran wasanni. Kafin in zo wurinku direba ne ni a wani gida a Nassarawa GRA, shekara bakwai ina kai yara makaranta, ina kai Hajiya unguwa, rediyon mota na ɗebe mini kewa. Da girmana, da mata da 'ya'ya biyu, na ajiye makulli na koma aji cikin yaran da na ba shekara goma. 'Yan uwana direbobi sun yi mini dariya son ransu, wai zan yi digiri a kan abin da ake sharhi a kai kyauta a teburin mai shayi. Na shanye. Yanzu an kafe sakamako, abokan karatuna sun fita, ni kuwa an rubuta mini faɗuwa a darasin sanin makamar aiki, wato in maimaita shekara guda. Ga yadda aka yi.

Na farko. Sashen nan ne ya tura ni wani gidan rediyo mai zaman kansa a Nassarawa GRA, in yi wata shida a teburin wasanni. Ranar da na fara, editan wasanni, Malam Sabo'u, ya nuna mini wata kujera ya ce in kalle ta da kyau, domin duk ranar da ya same ni a kanta da hantsi, ya san ba ni da labari ke nan. Haka aikin yake. 'Yan wasa suna fita atisaye bayan sallar asuba, ba sa tashi sai rana ta ɗaga. Wasa kuwa sai bayan la'asar, kuma mafi yawansa Asabar da Lahadi. Mai ɗauko labarin wasanni yana shiga ofis ne da azahar ya tace muryoyin da ya naɗo, ya rubuta rahoto, ya sake ficewa. Wannan ba sirri ba ne, a ajinku aka fara faɗa mana.

Na biyu. Malamin da kuka ɗora wa alhakin duba mu ya zo gidan rediyon sau uku, kuma duk tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya na safe. Zuwan farko ina wani fili a Badawa, inda wata ƙaramar ƙungiya ke atisaye, ina jiran kocinsu ya gama masifa ya ba ni minti biyu. Zuwa na biyu ranar Litinin ce, ina cikin motar 'yan wasa muna dawowa daga wasan waje da aka buga ranar Lahadi. An ci su, ga kuma taya ta fashe mana a hanya. Zuwa na uku ina asibiti wajen wani mai tsaron raga da ya karye a hannu, ƙungiyarsa ta yi watsi da shi. Rahoton nan da na kawo sau biyu aka sa shi a rana ɗaya, kuma bayansa ne shugabannin ƙungiyar suka tuna hanyar asibitin. Babu ranar da malamin ya kira wayata, alhali lambata na rubuce a saman fom ɗin da ke hannunsa.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. A duk zuwan nan uku malamin bai shiga ɗakin labarai ba, bai nemi edita ba, bai ma fito daga mota ba. Gilashi ya sauke a bakin get ya tambayi maigadi, Baba Audu, wani dattijo mutumin Jigawa, ko ina ciki. Baba Audu yana sona, don ni kaɗai ke tsayawa in faɗa masa yadda wasa ya tashi. Da ya ji malamina ne, sai ya ga ga damar da zai yabe ni. Shi da bakinsa ya maimaita mini abin da ya faɗa: "Ai Lawandi ba ya zama, ranka ya daɗe. Kullum yana filin ƙwallo, safe da yamma."

Malamin ya ɗauki biro ya rubuta da Turanci cewa ɗalibin nan ba ya zuwa aiki, an tabbatar masa kullum yana wajen kallon ƙwallo. Da idona na karanta a fom. Ranka ya daɗe, ni da kuka shekara huɗu kuna koya wa ɗauko labarin wasanni, ina ake so a same ni in ba a fili ba? Shaidar da ta fi kowace nuna ina aikina, ita aka juya aka kayar da ni da ita. Tun daga ranar da Baba Audu ya ji abin da yabonsa ya jawo, in na shigo sai ya sunkuyar da kai ya yi ta ba ni haƙuri. Dattijo sa'an mahaifina, bai yi ƙarya ba, bai yi laifi ba, kun sa shi jin kunyata.

Na huɗu. Na sami malamin a ofishinsa cikin ladabi, na kai masa littafin da muke rubuta aikin kowace rana, kowane shafi da sa hannun edita, na kuma miƙa masa wayata mai ɗauke da rahotannina. Bai buɗe littafin ba, bai saurari ko ɗaya ba. Ya ce fom gida biyu gare shi, ko an samu ɗalibi a wurin aiki ko ba a same shi ba, shi kuma bai same ni ba. Da na bincika sai na gane fom ɗaya kuke ba kowa, da wanda aka tura ofishin hulɗa da jama'a, da wanda aka tura filin wasa. Akwai abokin karatuna da muka je gidan rediyon tare. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma hassada nake yi masa ba. Wata shida ya yi a ƙarƙashin fanka yana kwafo sakamakon wasannin Turai daga waya, takalminsa bai taɓa taka fili ba. An same shi a kujera sau uku, ya ci darasin da maki mai kyau. Abin da sashenmu ya koya wa 'yan baya ke nan, kuma sun gane karatun.

Ga abin da ke gabana yanzu. Wata shidan sun cika, amma ban daina yi wa gidan rediyon aiki ba. Gurbi ya samu a teburin wasanni, Malam Sabo'u ya ba da sunana, amma hukumar gidan ta ce sai na kawo takardar shaidar kammala karatu kafin ƙarshen watan gobe, in ba haka ba a ba wani. Ba ni da wanda zai ɗaga waya ya yi magana a kaina. Matata ta shekara huɗu tana riƙe da gida da keken ɗinkinta a Tudun Murtala, ta riga ta faɗa wa danginta na gama. Har yau ban iya buɗe baki na ce mata an ce in koma ba. Raina a ɓace yake, ranka ya daɗe, ba kuma zan ɓoye ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, a kafa malamai biyu su karanta littafina, su saurari rahotannina, su tuntuɓi editan da na yi aiki a ƙarƙashinsa, a gyara sakamakona kafin wa'adin nan ya cika. Na biyu, a sake fom ɗin, a kuma riƙa tambayar ɗalibin wasanni inda zai kasance kafin a fito duba shi. Ba na neman a hukunta kowa, ba na kuma neman alfarmar maki ko ɗaya da ban yi aikinsa ba.

Na ukun shi ne mai sauƙi. Ranar Asabar mai zuwa akwai wasa a filin nan na Badawa da ƙarfe huɗu da rabi. Ka turo duk wanda ka amince da shi, ko ka zo da kanka, amma a fito daga mota. Za a gan ni a bakin layi da waya a hannu, ina aikin da ba a biyana, wanda kuma kuka ce ba na yi. In kuwa aka zo a wannan lokaci aka same ni zaune a ofis, a bar mini faɗuwata, ba zan sake rubuto muku ko layi ɗaya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke wuyanka, ya kuma haɗa 'ya'yanka da masu dubawa kafin su rubuta.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Lawandi Isyaku,
Tudun Murtala, Kano.