Salangar da Na Gina Miki

Zuwa ga Balki,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama, ni ne Mahamadu, mijinki. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba. Ko da kina raye ma ni zan zauna in karanta miki, kina dariyar rubutuna da kike cewa ya yi kama da sawun kaji. Amma wata bakwai ke nan magana ta tsaya mini a wuya, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Bari in fara da labarin gida. Bana hatsi ya yi daidai gwargwado, gonar tudu ta fi ta kwari. Jar akuyarki ta haifi biyu, ɗaya ya mutu. 'Yarmu Ramatu ta koma ɗakin Inna, ta yi tsawo, ta daina tambayar inda kika tafi, kuma ni wannan ya fi yi mini ciwo. Ƙanena Idi ya yi aure bayan rasuwarki, an kawo matarsa Saude ɗakin da ke kusa da naki. Baba yana nan yadda kika bar shi, ƙafafu sun ƙi, kullum da hantsi mu ɗauko shi mu ajiye a tabarmarsa gindin itacen bedi, ba ya komawa ɗaki sai bayan isha'i.

Kin tuna shekarar da masu aikin ruwa suka zo garinmu? Suka kafa tanki a kan tudu, suka jawo famfo har bakin unguwa. Ranar da ruwa ya fara zuba kin cika bido uku, manyan jarkokin nan, kin dawo kina cewa wuyanki ya huta da hanyar rijiya. Su ne kuma suka zaɓe ni cikin magina, suka kai mu Tahoua muka yi mako guda muna koyon zuba murfin siminti da haƙa ramin salanga. Na dawo kaina ya kumbura. Na yi aiki a Kalfu, na yi a Bambeye, har Takanamat an kira ni. Duk inda na sauka sai in tara mutane in yi musu wa'azin ƙuda da gudawa da wanke hannu da sabulu, kai ka ce ni na ƙirƙiro tsabta.

Salangar gidanmu ita ce ta farko a gari. Na auna kamar yadda aka koya mini: nesa da madafa, nesa da randuna, inda iska ba za ta kwaso wari zuwa ɗakuna ba. Wurin da ya cika sharuɗɗan nan duka shi ne kusurwar da ke bayan zaure. Na gina, na shafe, na sa ƙofar kwano mai sakata. Na lissafa komai, Balki, ban da abu ɗaya. Ƙofar tana kallon gindin bedi, taku goma tsakaninta da tabarmar Baba.

Yaya aka yi ban gani ba? A gidan nan aka haife ni. Na san matar ɗa ba ta cin abinci a gaban surukinta, ba ta ɗaga murya inda yake, ko sunansa ba ta kamawa. Ta yaya za ta ɗauki buta ta ratsa ta gabansa, ta buɗe ƙofar kwano mai ƙara, ta shiga, ta fito yana zaune? Inna ta tsufa, ba ruwanta. Ni ɗansa ne. Ke kaɗai ce a gidan wannan ƙofa ta rufe wa hanya.

Da a ce an bar ku da bayan gari, da kin bi sauran mata kamar da. To amma ni ne na tashi a taron maigari na ce a hana, duk wadda aka gani a kira sunan mijinta a bainar jama'a. Aka sa ni cikin masu sa ido. Matar Mahamadu mai salanga ba za ta je bayan gari ba, wannan kin san shi ba sai an gaya miki ba.

Sai kika daina shan ruwa da rana. Ban sani ba a lokacin. Ina ganin leɓenki a bushe in ce zafin bazara ne. Ina miƙo miki moɗa ki ce kin sha. Da kika samu cikin nan na biyu kika fara dafe mara in kin tashi, na ce laulayi ne, na sayo miki ƙwaya a kasuwa na kama hanyar aiki. Da zazzaɓi ya kayar da ke muka kai ki Tahoua, likita ya ce ciwon ya tashi daga mara ya kama ƙoda, kuma mun makara. Ya tambaye ni ko kina shan ruwa sosai, ko kina yawan riƙe fitsari. Wallahi haushinsa na ji. Na ce masa famfo yana ƙofar gidanmu, salanga kuma da hannuna na gina ta. Kina kwance kina jina, ba ki ce komai ba. Kwana huɗu kika yi, kika tafi da abin da ke cikinki.

Yayarki Hajo ce ta gaya mini, ranar da ta zo kwashe kayanki. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Tana naɗe zannuwanki ta ce fiye da shekara kina jira daga hantsi har a shigar da Baba ɗaki. Ta ce ta ba ki shawara ki gaya mini, kika ce wane baki za ki buɗe ki yi wa miji irin wannan magana, kuma ga shi yana murna da aikinsa.

Ina jin haushinki, Balki, gara in faɗa. Shekara shida muna ɗaki ɗaya. Kin iya yi mini tsiya a kan hula, a kan munsharina, a kan gishirin da nake ƙarawa a miya. Wannan ɗaya ce ta gagare ki? Sai kuma in tuna ni ma na ji daga bakin Hajo na yi shiru wata da watanni. Na bar ƙofar yadda take, don in na taɓa ta Baba zai tambayi dalili, ni kuwa ban san yadda ɗa zai gaya wa ubansa cewa zamansa a inuwa ne ya hana surukarsa shan ruwa ba.

Makon jiya na dawo da azahar na tarar da Saude tana surfe. Cikinta ya fito. Inna ta miƙa mata ruwa, ta karɓa, ta kai baki kamar mai sha, ta ajiye moɗar a cike. Na ga leɓenta. Na zauna a bakin zaure na daɗe.

Washegari na ɗauko diga na fasa bangon bayan salangar, na fitar da sabuwar ƙofa ta ɓangaren mata, na toshe tsohuwar da tubali, na ja katanga ta kare. Kafin la'asar na gama. Aikin da bai cika yini ɗaya ba, Balki.

Baba yana kallona tun daga farko. Da na wanke hannu ya kira ni, na durƙusa, ina neman ƙaryar da zan yi masa. Bai tambaye ni komai ba. Shi ne ya yi magana, idonsa a ƙasa. Ya ce tun watan farko ya lura ba ki taɓa bi ta nan ba. Ya ce ya so ya sa a mayar da tabarmarsa wani wuri, sai ya ga in ya yi haka za ki gane ya sani, kunyar ta fi ta da. Ya so ya gaya mini, bakinsa ya kasa. Abin da ya iya kawai shi ne, kullum bayan azahar ya ja rawani ya rufe fuska, ya juya bayansa ga ƙofar, ya yi ta munsharin ƙarya har la'asar, ko Allah Ya sa ki samu ki wuce. Ya ce yana kwance yana kasa kunne ko zai ji ƙarar sakata, bai taɓa ji ba. Daga nan ya yi kuka, irin wanda ban gan shi ya yi ba ko ranar da aka binne ki.

Kin san ba barci yake yi ba? Ko kin tsaya a bakin ɗaki da buta a hannu, kina kallon bayansa, kina tsoron kada ƙarar kwano ta tashe shi?

Saude tana shan ruwa yanzu, na gani da idona. Baba kuwa tun ranar ya ce a bar shi a ɗaki, bai sake fitowa gindin bedi ba.

Ki yafe mini. Ki yafe masa. Allah Ya sanyaya makwancinki, Ya shayar da ke.

Naki,
Mahamadu magini