Ɗakin da Iska Ba Ta Shiga

Yaya Ilyasu,

Bayan gaisuwa, ya Inna da mutanen Gazawa? A sanar da dangi: yau labulen ɗakinmu ya motsa.

Lafiya muke a Kwatano. Sai dai na kama ɗaki tsakiyar benaye, yadda muke juya wa iskar gabas baya a gida. Ashe nan iskar teku ba ta shiga lungu. In ta kwanta, zafin siminti da hayaƙin kabu-kabu su rufe gari kamar murfin tukunya. Jaririyarmu Hamdiya da ƙyar take numfashi, likita ya ce mu sake ɗaki. Kada Inna ta ji.

Ka tambayi Sabo direba, mai kawo kaya Kwatano, ko ɗakin ƙanensa na bakin teku yana nan. Ranar da ya nuna mini shi dariya na yi masa, wai ɗakin yana fuskantar iska. Ban kyauta ba.

Ƙaninka,
Rashidu