Matakala Ta Goma Sha Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris

Yau kwana arba'in da ɗaya ban taka titi ba. Tun ranar da na faɗi a matakala, aka kai ni asibiti, aka dawo da ni a ɗauke kamar buhu, iyakata ƙofar falo. Likita ya ce ba karaya, ƙafa ta warke. Ƙafa kam ta warke, sai dai har yanzu da sanda nake dogarawa. Amma da na buɗe ƙofa na leƙa ƙasa sai ƙirji ya ɗaure, gumi ya karyo, in koma ciki.

'Yata Auta ta kira. Ranar 29 ga wata za ta zo. In ta tarar ba na iya sauka da hawa da kaina, to magana ta wuce shawara, za ta kwashe ni zuwa gidanta, tafiyar awa shida. "Baba, in gobara ta tashi fa?" Har ta share mini ɗaki kusa da gareji. Shekara talatin da huɗu ina benen nan. Labulen da marigayiya mahaifiyarta ta ɗinka yana nan a taga. Na ce Allah ya kai mu.

Matakala ashirin da biyu ce. Kwana ashirin da shida ya rage.

Laraba, 5 ga Maris

Nas ɗin da ke zuwa motsa mini ƙafa Laraba da Asabar ta gaji da ni. Ta tsaya da ni a bakin ƙofa, ta ga yadda nake rawa, ta ce, "Baba, wannan ba ciwon ƙafa ba ne." Ta zaunar da ni ta nuna mini wani abu da ta ce ita kanta tana yi kafin ta shiga ɗakin masu jin jiki. A haɗa yatsu biyu a riƙa bubbuga wasu wurare a hankali: gefen tafin hannu, farkon gira, gefen ido, ƙarƙashin ido, ƙarƙashin hanci, haɓa, ƙashin ƙasan wuya, ƙasan hammata, tsakar ka. Kana yi kana faɗin abin da ke damunka da baki: duk da kaza da kaza, na karɓi kaina yadda nake. Kafin a fara a ba tsoron maki daga sifili zuwa goma, in an gama a sake ba shi.

Na ce yarinya, ni fa na yi makaranta tun ana rubutu da alƙalamin tsomawa. Ta yi dariya. Ta ce ba ta yi mini alkawarin komai ba, ba kuma zai maye gurbin magungunana ba, amma bai fi minti biyar ba, ni kuwa minti biyar ba ta yi mini wuya. Ta faɗi gaskiya a nan.

Na rubuta wuraren tara a bayan kalanda, da lamba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yi, bayan na rufe taga. Tsoho ɗan shekara saba'in da tara yana ƙwanƙwasa kansa kamar mai sayen kankana. Maki tara kafin, tara bayan.

Asabar, 8 ga Maris

Nas ta tambayi me nake faɗa. Na ce, "Duk da gwiwata tana ciwo." Ta dube ni ta ce, "Tana ciwon?" Na ce wani lokaci. Ta ce in faɗi abin da yake na gaske, ba wanda ya fi daɗin faɗa ba. Na ce to.

Tela na ƙasa ya hawo mini da burodi da madara, kamar kullum. Shagonsa yana gindin matakalar. Ya kira ni da sunana na gidan waya, ya ce, "Mai Hatimi, kujerarka ta shago fa ta fara tambayarka. Ko kuwa ka zama ɗan sama jannati?" Na ce ya je ya gyara wuyan rigar da ya ɓata mini bara. Da ya fita na saurari takunsa. Ashirin da biyu, ko tsayawa bai yi ba. Ga shi da tumbi.

Talata, 11 ga Maris

Na canza zuwa "duk da ina tsoron faɗuwa." Sau uku a rana, bayan kowane abinci, kamar magani. Daga takwas zuwa bakwai. Na sauka matakala huɗu ina riƙe da ƙarfen gefe da hannu biyu, na dawo. Sai da na kwanta rabin awa.

Huɗu dai. Ta huɗu ba komai ba ce, na sani.

Alhamis, 13 ga Maris

Na kai ta tara. Daga nan ina ganin ta goma sha ɗaya, wadda take daidai inda matakalar ta karya kwana, mai ɗan tsagewa a gefe. Na juya. Na hau da rarrafe, da hannu da gwiwa. Allah ya sa ba wanda ya fito.

Na zauna na yi bugun nan sau bakwai a jere, da haushi. Na ce in ƙarfi ne ya yi kaɗan, to ga ƙarfi.

Juma'a, 14 ga Maris

Na jawo wa kaina.

Da safe madubi ya nuna mini ƙarƙashin idon dama ya yi baƙi ƙirin, da wani tabon a ƙashin wuya. Shekara talatin ina buga hatimi a gidan waya, wasiƙa ɗari biyar a yini, hannuna bai san wani abu wai shi a hankali ba. Ga maganin tsinka jini da nake sha, ga fata ta zama takarda.

Kuma yau ce Auta ta ga damar kiran bidiyo. Na juya fuska gefe, na ce hasken taga ne. Ta ce, "Juyo, Baba." Na juyo. Sai ta ce, "Ka sake faɗuwa ka ɓoye mini." Na rantse ban faɗi ba. "To me ya same ka?" Ta yaya zan ce wa 'yar da na koya wa lissafi ni ne na zauna ina dukan fuskata ina magana ni kaɗai? In ta ji wannan, ba ƙafa kaɗai za ta ce ta taɓu ba. Na ce ƙofar kabad ce. Ta ce kabad ɗin har da wuya ya kama?

Ta ce ba za ta jira 29 ba. Ranar 22 za ta zo, da kwalaye.

Mako guda ta yanke mini.

Asabar, 15 ga Maris

Nas ta dafe kai. "Baba, cewa na yi ka bubbuga, ba ka yi wa kanka rajista ba!" Ta kama yatsuna ta nuna mini a bayan hannunta, kamar ana tashin jariri daga barci. Ta hana ni taɓa ƙarƙashin ido sai ya washe. Ta ce bari ta kira Auta ta yi mata bayani. Na hana. Ta ce girman kai zai kai ni gareji.

Da za ta tafi ta ce wani abu da ya tsaya mini. Wai ta lura ba matakala nake tsoro ba, don ina sauka tara lafiya. Guda ɗaya ce. "Me ke kan ta goma sha ɗayan?" Na ce tsagewa ce. Ta ce to, ta ɗauki jakarta.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban yi ba yau. Ban buɗe ƙofa ba.

Litinin, 17 ga Maris

Zan rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Wata goma sha ɗaya ke nan. Da safe ne. Marigayiya ta ce jikinta ba daɗi, ƙirjinta ya yi nauyi. Burodi ya ƙare. Ni ina zaune da rediyo, an fara labarai. Na ce, "Sauka ki karɓo mana, iska ma za ta yi miki amfani." Ko ɗaga kai ban yi ba. Ta saka mayafi ta fita. Can na ji wani ƙara, dim. Na ce a raina ƙofar Tela ce iska ta buga. Na ci gaba da sauraro. Har aka gama labarai, har aka faɗi yanayin sama. Minti goma, ko sha biyu. Sannan na ce matar nan ta tsaya hira, na leƙa.

Tana kan ta goma sha ɗaya, burodin yana hannunta.

Na gaya wa kowa ina banɗaki. Auta, likita, Tela, kowa. Tun daga ranar ban sake ɗora ƙafa a kan matakalar nan ba, tsallake ta nake yi, hawa da sauka, wata tara. A wajen tsallaken ne na faɗi. Wannan ma ba wanda ya sani.

Ya isa.

Laraba, 19 ga Maris

Na ce wa Nas yau ba na son motsa ƙafa, ta zauna a falo ta jira ni. Na shiga ɗaki na tura ƙofa. Na fara daga gefen hannu, a hankali. "Duk da na aike ta tana ciwo. Duk da na ji faɗuwarta ban tashi ba." Rabin farko ya fita. Rabin na biyu, na karɓi kaina ɗin, ya maƙale. Ban karɓa ba, don me zan yi ƙarya? Na kai haɓa sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ko ranar rasuwar ban yi ba. Na ci gaba da bugun don ban san me zan yi da hannun ba.

Da na fito ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce in rabin na biyu ya ƙi, in ce "ga ni nan dai." Wannan zan iya. Maki? Na ce ban sani ba, na manta ban auna ba. Ta kuma ce abin da ya yi nauyi haka bai kamata yatsu biyu kaɗai su ɗauka ba, in nemi mutum in gaya masa. Na ce wa nake da shi. Ta ce, "'Yarka da za ta zo Asabar."

Alhamis, 20 ga Maris

Ta goma. Na tsaya, na yi zagaye biyu a tsaye, hannu ɗaya a ƙarfe. Keken ɗinkin Tela ya yi shiru, na san yana jina. Bai leƙo ba, Allah ya saka masa. Ban taka ba. Na koma.

Jibi.

Asabar, 22 ga Maris

Auta ta zo da hantsi, da kwalaye takwas a naɗe da igiya. Ta rame. Ta duba idona, ta duba firij, ta fara sauke hotuna daga bango ba tare da ta zauna ba. Na ce Auta, ajiye, zo ki raka ni. Ta ce ba sai na wahalar da kaina ba. Na ce zo dai.

Tana gabana tana sauka da baya, hannuwa a buɗe kamar mai tarar yaro. A ta goma na tsaya na zauna. Na ɗaga yatsu na fara, a gabanta. Ta ce, "Baba, mene ne haka?" Na ce shi ne kabad ɗin. Sannan na faɗi jimlar, da ƙarfi, yadda take, har da rediyo, har da minti goman.

Ban san me na zata ba. Ba ta rungume ni ba. Ta jingina da bango ta daɗe tana kallon matakalar. Ta ce, "Ka ce kana banɗaki." Na ce na ce. Ta ce, "Wata goma sha ɗaya, Baba." Muryarta ba ta yi kama da tata ba. Ta wuce ni ta hau, na ji ta buɗe famfon kicin, ruwa yana ta zuba ba abin da ake wankewa.

Ni kaɗai a wurin. Komawa sama ya fi sauka wuya a lokacin. Na miƙe, na ce ga ni nan dai, na ɗora ƙafar dama a kai. Siminti ne. Sanyi ta cikin silifa. Na ɗora ta hagu. Na sauka sauran goma sha ɗayan ban san yadda aka yi ba. Tela ya tashi ya goge kujera da hularsa, bai yi tsokana ko ɗaya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Lahadi, 23 ga Maris

Ta tafi da sassafe. Magana ba ta fi ta shayi da magani ba. Kwalayen suna bayan ƙofa, ba ta kwance su ba, ba ta kuma tafi da su ba. Ban san ma'anar wannan ba. Na riƙe gidan, ina ji. Ban san me na saki ba.

Talata, 25 ga Maris

Ba ta kira ba. Na ɗauki wayar sau huɗu na ajiye. Maki takwas, amma ba na matakala ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Ta kira da la'asar. Ba gaisuwa mai tsawo. Ta ce har yanzu tana fushi, kada in ɗauka ya wuce. Na ce hakkinki ne. Ta ce ta kasa cin abinci tun Lahadi. Sai ta ce, "Abin nan naka, daga gira ake farawa ko daga hannu?"

Layin yana yankewa, a falon nan kullum haka yake. Na ce ta riƙe, a shagon Tela ya fi kamawa. Na nuna mata duka taran ta bidiyo, Tela yana riƙe mini wayar yana gyara ni, wai na tsallake haɓa. Ashe ya haddace. Na ce mata a hankali fa, kada ta yi irin na ubanta. Ta yi wani sauti, ban ce dariya ba ce.

Har yanzu ban yarda yatsu biyu suna maganin komai ba. Watakila ƙafar ce ta ga dama.

Sai yanzu da na zo rufe ƙofa na ga babu sandata. Na baro ta a shagon. Ba zan kira shi ya hawo da ita ba, mutum da aikinsa. Da safe zan sauka in ɗauko.